Ɓarin Hagu da Ɓarin Dama: Abin da Lantarkin Ƙwaƙwalwa ke Nunawa Game da Halin Zuciya

Aikina a nan Legas shi ne ɗaukar gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira EEG, kuma da yake masu jin Hausa ba su da yawa a wurin da nake aiki, duk sa'ad da aka kawo mara lafiya daga Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba wanda Turanci da Yarabanci ba su zauna masa a baki ba, ni ake nema. Bayan an gama liƙa wa mutum wayoyi a kai, tambayar da ta fi yawan fitowa ita ce ko na'urar tana ganin abin da ke cin zuciyarsa. Dattawa sukan ce, "Ɗana, wannan abin zai nuna tunanin da ya hana ni barci?" Matasa kuwa, waɗanda suka ci karo da bidiyo a intanet, tasu tambayar ta fi tsauri, domin sun ji an ce ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ne mazaunin farin ciki, ɓarin dama mazaunin baƙin ciki, an kuma ce akwai na'urar da ake ɗora wa mutum a goshi ta farkar da ɓarin da ya yi sanyi. Maganar tana da tushe a ilimi, ba shaci-faɗi ba ce. Amma tsakanin abin da masu bincike suka gano da abin da ake tallatawa akwai tazara mai faɗi, kuma a cikin wannan tazarar ne kuɗin talaka ke salwanta.

Hans Berger, likitan masu taɓin hankali a garin Jena na ƙasar Jamus, shi ne ya fara ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 1924, sai a 1929 ya wallafa abin da ya gani, kuma masana ba su gaskata shi ba sai da Edgar Adrian da Bryan Matthews suka maimaita gwajin a Ingila a 1934. Abin da ya lura da shi, wanda ni ma nake gani a allon kwamfuta kowace ranar aiki, shi ne idan mutum ya zauna shiru ya rufe ido, wata igiya mai tsari takan bayyana tana hawa tana sauka kamar sau goma a daƙiƙa ɗaya, musamman ta wajen ƙeya, da zarar ya buɗe ido ko aka ba shi lissafi sai ta dushe. Ita ce igiyar alfa, wadda ke bugawa tsakanin sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa. Ƙarfinta ƙanƙane ne ƙwarai. Batirin tocila yana da bolt 1.5, ita kuwa kafin ta ratso ƙoƙon kai da fata ba ta wuce 'yan gomomi cikin miliyan na bolt ɗaya ba.

Mai ɗaukar wannan gwaji kamar mutum ne da ke tsaye a bayan katangar makaranta yana saurare. Idan ɗalibai suna bin malam baki ɗaya, murya guda ce ke tashi tana sauka, ana jin ta sarai daga waje. Idan kowane yaro ya duƙufa a kan nasa allon, hayaniya ce kawai ke fitowa, alhali a lokacin ne kowa ke aikin kansa. Yawan alfa a wani yanki na ƙwaƙwalwa alama ce ta cewa ƙwayoyin jijiyar wurin suna tafiya tare domin ba su da wani aiki na musamman, ƙarancinta kuma alama ce ta cewa wurin yana cikin aiki. A kan wannan aka gina ma'aunin rinjaye. Muna da tsarin ɗora faya-fayan ƙarfe a kai wanda duk duniya ke bi, inda lambobin mara suke hagu, na cika suke dama. Akan ɗauki wurare biyu a sama da goshi, F3 a hagu da F4 a dama, a sa mutum ya zauna kamar minti takwas yana rufe ido yana buɗewa, sannan a lissafa yawan alfa a kowane gefe a cire ɗaya daga ɗaya. Idan alfa ta fi yawa a hagu, ana ɗauka cewa gaban ɓarin hagu ne ya fi sanyi.

Tunanin cewa ɓarin biyu sun bambanta a sha'anin zuciya daga gadon asibiti ya fito, tun kafin a fara wannan lissafi. Kowane ɓari na ƙwaƙwalwa yana sarrafa gefen jikin da ke kishiyarsa, saboda haka wanda hannunsa da ƙafarsa na dama suka shanye, a hagu ciwon ya same shi. A 1972 Guido Gainotti, likita a Italiya, ya wallafa nazarin da ya yi a kan marasa lafiya 160, inda ya nuna cewa waɗanda ciwon ya taɓa musu ɓarin hagu sun fi yawan fashewa da kuka da firgici da yanke ƙauna, waɗanda ya taɓa musu ɓarin dama kuwa sun fi nuna halin ko-in-kula, wasunsu har suna musun cewa wani abu ya same su. Duk wanda ya taɓa jinyar dattijon da hawan jini ya kayar, kuma wannan jinyar ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, zai tuna ɗaya daga cikin fuskokin nan biyu. A shekarun 1980 Robert Robinson a Amurka ya ƙara da cewa ciwon damuwa ya fi kama waɗanda raunin nasu yake kusa da goshi ta hagu. Sai dai a shekarar 2000 Alan Carson da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a kan wannan batu, suka wallafa a mujallar Lancet cewa ba su ga hujjar da ta tabbatar da hakan ba. Akwai kuma abin da hankali ke nunawa: a yawancin mutane magana a ɓarin hagu take, kuma magidancin da ya wayi gari ba ya iya kiran sunan 'ya'yansa yana da dalilin kuka wanda ba ya bukatar wani dogon bayani.

Wanda ya ɗauko maganar ya kai ta ɗakin gwajin EEG shi ne Richard Davidson, tun daga ƙarshen shekarun 1970, kuma a Jami'ar Wisconsin ya yi mafi yawan aikinsa. A 1982 shi da Nathan Fox suka nuna wa jarirai 'yan wata 10 hoton bidiyo na wata mace tana fara'a da kuma tana ɓata fuska, suka ga gaban ɓarin hagu ya fi aiki a lokacin fara'ar. A 1989 suka auna wasu jariran suna zaune lafiya kusa da iyayensu mata, sannan suka sa uwayen su fita daga ɗakin na ɗan lokaci. Jariran da suka yi kuka su ne waɗanda tun kafin fitar uwa ɓarinsu na dama ya rinjaya. Jarirai kaɗan ne a cikin gwajin, amma sakamakon ya ja hankali ƙwarai. A farkon shekarun 1990 shi da Jeffrey Henriques suka ba da rahoton cewa masu ciwon damuwa, har da waɗanda suka warke, gaban ɓarinsu na hagu ya fi na sauran mutane sanyi. Daga nan maganar hagu daɗi, dama ɗaci ta bazu har ta iso wayoyin matasanmu.

Fushi ne ya warware wannan saƙar, kuma a ganina nan ne binciken ya fi amfani. Idan hagu na daɗi ne, dama na ɗaci, ya kamata fushi ya faɗa dama, domin babu mai cewa fushi daɗi ne. A 1998 Eddie Harmon-Jones da John Allen suka auna matasa, suka ga akasin haka: masu saurin fushi ɓarin hagu ne ya rinjaya a wurinsu. A 2001 Harmon-Jones ya sa ɗalibai su yi rubutu, aka mayar wa wasunsu da sharhi na cin mutunci, sai hagun waɗanda aka ci wa mutuncin ya ƙara aiki, kuma gwargwadon ƙaruwar, gwargwadon munin abin shan da suka zaɓa a ba wanda suke zaton shi ya wulaƙanta su. A wani gwajin na 2003 an gaya wa ɗalibai cewa za a ƙara kuɗin makaranta. An nuna wa wasu cewa maganar ba ta tabbata ba, za a iya tattara sa hannu a hana, wasu kuma aka ce musu an riga an yanke hukunci. Dukkansu sun fusata, amma waɗanda suka ga akwai abin da za su iya yi ne hagunsu ya tashi. Har ma a 2009 aka ga cewa idan mutum yana kishingiɗe rigingine aka ci masa mutunci, yana jin fushin, amma tashin hagun ba ya kai na wanda ke zaune a miƙe. Abin da ma'aunin ke bi, ashe, shi ne inda zuciya ta fuskanta: ko tana tunkarar abu, ko tana ja da baya daga gare shi. Sha'awa da kwaɗayi da himma da fushin da ke neman huce haushi duk tunkara ce; tsoro da ƙyama da karayar zuciya ja da baya ne.

Wannan fahimtar ta fi kusa da abin da nake gani a cikin mutanenmu. Mai ciwon damuwa a cikinmu ba kasafai yake cewa yana baƙin ciki ba. Abin da yake faɗa shi ne jikinsa ya mutu, kansa yana zafi, tunani ya yi masa yawa, ba ya jin daɗin komai. Abin da iyalinsa ke gani kuma janyewa ce: ɗan kasuwar da ya saba riga kowa isa wurin sauke albasa da tumatir ya fara makara, daga baya ya daina fita, ya bar zaman majalisa, ya bar amsa wayar gida, sallar jam'i ma sai an yi da gaske. Bayan da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022, na ga iri biyu a cikin samarin da sana'ar ta kuɓuce musu. Akwai masu fushi a fili, suna faɗa suna neman wata hanyar, wasu suka koma Keke, wasu suka kama dako. Akwai kuma waɗanda suka yi shiru suka lafe a ɗaki, aka riƙa yaba musu haƙuri. Haƙuri ibada ne, amma mai haƙuri yana ci gaba da neman halalinsa, kuma shirun da ya zo da barin abinci da barin wanka da barin mutane yana bukatar a dube shi da idon jinya. Wannan fahimtata ce daga zama da jama'a, kuma binciken tunkara da ja da baya ne ya taimaka mini na tsara ta.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da aka ce za a ɗauki wannan ma'auni a yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi. A 2002 Dirk Hagemann da abokan aikinsa a Jamus suka auna mutane a zama huɗu daban-daban, suka gano cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na bambancin da ake gani ne ke bin mutum a matsayin halinsa, sauran kashi 40 na ranar da aka yi gwajin ne. Wato mutum zai iya zuwa yau hagunsa ya rinjaya, ya dawo bayan wata guda a ga wani abu daban. A 2017 Nikita van der Vinne da abokan aikinta a Holan suka haɗa bincike 16 da suka ƙunshi mutane kimanin 4,000, masu ciwon damuwa da masu lafiya, suka ga rinjayen alfa bai raba tsakaninsu ba. A 2021 wasu masana a birnin Warsaw na ƙasar Folan suka ɗauki bayanan bincike biyar suka lissafa su ta hanyoyi 270, suna canza wurin da ake auna da salon lissafi, sai hanyoyi 13 kacal suka ba da sakamakon da ake tsammani. Wannan bai rushe gwaje-gwajen da ake tsokano mutum a ga yadda ƙwaƙwalwarsa ke amsawa a nan take ba, domin su sun fi tsayawa da ƙafafunsu. Abin da ya rushe shi ne begen cewa minti takwas na zaman shiru zai gaya wa likita wane ne mai ciwon damuwa.

Ni da ke riƙe da wayoyin ban yi mamakin haka ba. Goshi shi ne wurin da ya fi wuyar sha'ani a duk kai, domin alfa ba ta da ƙarfi a can, ido yana kusa, kuma ƙiftawa ɗaya ko ɗaure fuska ko cije haƙori yana haifar da lantarkin da ya ninka na ƙwaƙwalwa. A zafin Legas gumi yana sa layin ya riƙa lilo, wutar gari da ta janareta masu bugu 50 a daƙiƙa suna kutsowa idan wayar ƙasa ba ta zauna daidai ba, kuma idan faifan F3 ya kama fata fiye da na F4, to an samu rinjayen da ba daga ƙwaƙwalwa ya fito ba. Ga kuma maganar gashi. An ƙera faya-fayan nan ne da gashin Turawa a zuciya, namu kuwa mai kauri da nannaɗewa yana ture su daga fata, balle idan an yi kitso an shafa mai. Sai a 2020 wata ɗaliba a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Arnelle Etienne, da abokan aikinta suka fito da faifai na musamman da ake maƙalawa tsakanin layukan kitso. Nakan roƙi mata tun ranar ba da lokaci, "Hajiya, a wanke kai da sabulu kawai, kada a sa mai, a yi kalaba manya yadda tsaga za ta fito." Wani abin kuma shi ne yawancin binciken nan a kan masu amfani da hannun dama aka yi su. A gidajenmu da yawa akan tilasta wa yaro bahago ya koma dama tun yana ƙarami, saboda haka tambayar da wane hannu mutum yake rubutu ko cin abinci ba ta isa ta bayyana yadda ƙwaƙwalwarsa ta tsaru ba.

Duk da wannan rauni, tunanin sanyin hagu ya haifar da magani na gaske. A 1985 Anthony Barker a garin Sheffield na Ingila ya nuna cewa idan aka saki wuta mai ƙarfi cikin naɗin waya na ɗan ƙiftawar ido, aka riƙe naɗin a kan kai, ƙarfin maganaɗisun da ya tashi zai ratsa ƙoƙon kai ya motsa ƙwayoyin jijiyar da ke ƙarƙashinsa, har a ga babban yatsa ya zabura. Wannan shi ne TMS. Ba a yanka, ba a sa mutum barci, kuma tasirinsa bai wuce zurfin santimita biyu zuwa uku ba. An gano cewa bugu mai sauri, kamar sau 10 a daƙiƙa, yakan ƙara wa wuri kuzari, bugu ɗaya a daƙiƙa kuma yakan lafar da shi. Mark George a Amurka a 1995, da Alvaro Pascual-Leone a 1996, suka gwada bugu mai sauri a gaban ɓarin hagu na masu ciwon damuwa, suna dogaro da binciken masu shanyewar jiki da hotunan da suka nuna ƙarancin aiki a wurin. Wasu kuma suka bi ta ɗaya gefen, suka lafar da dama da bugu mai jinkiri. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar TMS mai suna NeuroStar domin waɗanda ƙwaya ba ta yi musu aiki ba. Tsarin farko shi ne zama na kusan minti 37, bugu 3,000, kwana biyar a mako, har mako huɗu zuwa shida.

Yana aiki, amma a san iyakarsa. A gwajin da George ya jagoranta wanda aka wallafa a 2010, a cikin mutane 190 da magani ya gaza a kansu, kashi 14 cikin 100 na waɗanda aka yi wa na gaske suka warware, a kan kashi 5 na waɗanda aka yi wa na bogi ba tare da sun sani ba. Ninki kusan uku ne, amma mafi yawa ba su warware a wannan zangon ba. A 2018 wani babban gwaji a Kanada mai mutane 414 ya nuna cewa wani sabon salon bugu na minti uku bai gaza na minti 37 ba. Kusan rabin marasa lafiyar suka samu sauƙi, kusan kashi uku cikin goma suka warware, sai dai babu rukunin bogi a gwajin. Ga wanda ya shekara yana shan ƙwaya ba canji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗayar hanyar, wadda ake kira tDCS, ita ce ta fi yawo a tallace-tallace domin arha ce. Soso biyu ne jiƙaƙƙu da ruwan gishiri, da batir, da wuta mara ƙarfi ta miliamfiya ɗaya zuwa biyu. Michael Nitsche da Walter Paulus a Jamus suka farfaɗo da ita a shekarar 2000. Ba ta sa ƙwayoyin jijiya su buga, tana dai sauƙaƙa musu bugawa ko ta tsananta, kuma a maganin damuwa akan ɗora gefen da ke ƙara kuzari a F3, ɗayan a F4, wato tunanin rinjaye ne tsantsa aka mayar na'ura. A 2017 Andre Brunoni a birnin Sao Paulo na Barazil ya gwada ta a kan mutane 245: ta fi bogi, amma ba ta kai ƙwayar maganin damuwa ta escitalopram ba. A 2023 wani gwaji a asibitocin Jamus ya ƙara ta a kan ƙwaya, bai ga ta fi bogi ba. A 2024 wani gwajin da aka yi a Ingila da Amurka, inda mutane suka yi amfani da ita a gida likita yana sa ido ta bidiyo, ya ga amfani. Hukuncin adalci a kanta shi ne har yanzu masana ba su zama baki ɗaya ba.

Shin nasarar TMS ta tabbatar da cewa hagu ne mazaunin farin ciki? Ban ga haka ba. Akwai dai shaidar cewa taɓa gefe ɗaya yana canza hali. A 2006 Daria Knoch da Ernst Fehr a birnin Zurich suka lafar da gaban ɓarin dama na masu lafiya, sannan suka sa su wasan rabon kuɗi, sai suka riƙa karɓar rabon zalunci fiye da sauran, alhali da bakinsu suna cewa rabon ba adalci ba ne. A 2012 Ruud Hortensius da abokan aikinsa suka ƙara wa hagu kuzari da tDCS, suka ga fushin waɗanda aka tsokana ya fi saurin zama ramuwa. Wannan na biyun ya isa ya sa mai neman a tayar masa da hagu ya yi tunani, domin abin da ake tayarwa tunkara ce, kuma tunkara tana iya zama himma, tana iya zama faɗa. Amma a wajen marasa lafiya, binciken da ya auna alfa kafin jinya da bayanta bai nuna a kai a kai cewa waɗanda suka warke rinjayensu ya juya ba. Bayanin da ya fi ƙarfi a yau ya karkata ga wani wuri can cikin ƙwaƙwalwa da ake kira yanki na 25, wanda Helen Mayberg ta nuna alaƙarsa da baƙin ciki. A 2012 Michael Fox ya nuna cewa TMS ya fi aiki idan an bugi daidai wurin da ke da alaƙar kishiya da wannan yanki, wato wanda aikinsa ke tashi idan na yankin ya sauka, kuma a kan haka masana a Jami'ar Stanford suka gina salon da ake neman wurin da hoton MRI, a yi zama goma a rana har kwana biyar, wanda hukumar Amurka ta amince da shi a 2022 bayan gwajin da bai wuce mutane kimanin 30 ba. Goshin hagu ƙofa ce da ake bi a isa wata hanyar sadarwa mai zurfi, kuma wurin ƙofar yana ɗan bambanta daga mutum zuwa mutum.

A nan Legas akwai ruɗani biyu da nake so mu rabu da su. Na farko, da an ambaci lantarki da ƙwaƙwalwa sai mutanenmu su tuna shokin, su ja da baya. Shokin, wanda Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara a birnin Rum a 1938, abu ne daban: ana sa mutum barci, a ba shi maganin sassauta tsoka, a saki wutar da ta ninka ta tDCS sau ɗaruruwa domin a jawo jijjiga da gangan. Yana da illarsa, musamman ga tunawa, amma yana cikin magunguna mafi ƙarfi ga wanda damuwa ta kai shi ga ƙin ci da sha ko neman hallaka kansa. Gwajin EEG kuwa ba ya saka wa mutum wuta ko kaɗan, saurare kawai yake yi. Na biyu, babban aikin EEG a asibiti shi ne binciken farfaɗiya da suma da makamantansu, kuma a nan yana da amfani ƙwarai. Ciwon damuwa da hira ake gano shi: likita ya tambayi tsawon lokaci, ko ya kai mako biyu, ya tambayi barci da ci da ƙarfin jiki da sha'awar abubuwa da tunanin mutuwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda ya samo asali tun 1907, da asibitocin koyarwa na Idi-Araba da Ikeja duk suna da likitocin wannan fanni. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a yi masa bayani a nemi yardarsa. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa wurin likita, kuma wanda harshe zai ba shi wahala ya tafi da ɗan'uwan da zai yi masa tafinta, tunda da magana ake gano ciwon.

Idan aka miƙa wa mutum takarda mai hoton kai da launin ja da shuɗi, aka ce ga shaidar damuwarsa a ɓarin hagu, ya biya kuɗin zama ashirin a gyara, ya kamata ya tambayi wane likita ne ya duba shi, kuma wane magani aka fara gwadawa kafin a kai ga na'ura. Launukan nan kwamfuta ce ke zuba su bayan ta kwatanta mutum da wani rumbun bayanai da aka tara a wata ƙasa, kuma gumi ko faifan da bai zauna ba ya isa ya canza su. Na'urorin tDCS da ake saye ta intanet suna iya ƙona fata idan soson ya bushe, kuma a gwajin Barazil mutum biyu daga cikin waɗanda aka yi wa sun shiga yanayin zumuɗi mai wuce iyaka, abin da ke da haɗari ga mai ciwon da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa. TMS na gaske yana da tsada, ba kuma a kowane asibiti ake samunsa ba, kuma inda ake yinsa bisa ƙa'ida sai an tantance mutum tukuna. Za a tambayi ko akwai ƙarfe a kansa, kamar ɓarɓashin harsashi ko abin da aka dasa lokacin tiyata, ko ya taɓa farfaɗiya, ko yana samun barci, da kuma abin da yake sha. Babbar illar da ake gudu ita ce jijjiga, wadda ba kasafai take faruwa ba, amma giya da rashin barci da wasu ƙwayoyi suna kusanto da ita. Tramadol yana cikinsu, kuma da yawa daga cikin samarinmu masu aikin ƙarfi suna shan sa ba tare da sun ɗauke shi abin da ake gaya wa likita ba. Wanda yake sha ya faɗa tun kafin a ɗora masa naɗin a kai.